Wai Akwai Giwan Ruwa a Galma?

Baban Khalifa: Jama'a, raina a ɓace yake. Na sayi bandar kifi da tsada, mai kifin yana ta rantsuwa wai giwan ruwa ne daga Galma. Uwargida na zubawa a miya sai ga tarwada, fata sumul. Giwan ruwa fa mai ɓawo ne, tsokarsa fara tas. Kifin da kan kai mita 2, nauyi har kilo 200, yana haɗiye karfasa ɗungurungum, me zai ci a rafi irin Galma? A ji tsoron Allah.

Ɗan Dakace: Malam, Galma ɗin ne rafi? Ruwan da ake tacewa a ba Zariya ta sha? Ka zo gada a watan Agusta ka maimaita.

Maman Ummi: Bar shi, yaya. Mutanen Samaru rafin Kubanni kawai suka sani.

Baban Khalifa: Hajiya, ni a Tudun Wada aka yanke cibiyata. Kuma maganar kifi nake yi.

Bakabe: Ku yi haƙuri, amma wanda ya ga Neja a Yawuri ba zai kira Galma kogi ba. A Argungu, a kogin Matan Fada, kifin da ya ci gasar kamun kifi ta 2020 kilo 78 ne. Ku nuna mana ko rabinsa.

Ɗan Dakace: Galma a Kogin Kaduna yake zuba, Kaduna a Neja. Ruwanmu kuke taƙama da shi.

Bakabe: Kaduna can ƙasar Nufe yake haɗuwa da Neja, ƙasa da mu nesa. Ruwa ba ya hawa tudu.

Malamin Kongo: Ku ma daina fatan giwan ruwan. Da aka zuba shi a tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ƙananan kifaye iri sama da 200 suka ɓace. Mahauci ne, har 'ya'yansa ci yake.

Maman Ummi: Malam, mun ji lacca. Kogi ne ko rafi?

Ɗan Dakace: Kakana da komarsa ya aurar da 'ya'ya, duk daga Galma. Ya ce da can sai mutum biyu ke ɗaga kifi ɗaya.

Bakabe: Wane kifi? Hoto fa?

Ɗan Dakace: Kakan nawa ne maƙaryaci? Ka iya bakinka.

Baban Khalifa: To ni kuɗina fa?

Mai kula da zaure: Ya isa haka, na rufe. Abin da aka cimma: Galma kogi ne, masu rinjaye sun tabbatar, ni ma a bakinsa na tashi. Baƙonmu na Kabi bai kawo hujja ba sai cika baki, ya kuma taɓa dattijo, don haka ya ba da haƙuri kafin ya sake rubutu a nan. Baban Khalifa, ka janye kalmar rafi. Batun kifin kuma, gaba ka duba ɓawo kafin ka biya.