Na ƙara wa Golf girman taya, yanzu tana gogar bodi

Salam 'yan uwa direbobi da kanikawa, don Allah ku taimaka min da shawara. Golf 3 nake ja, daga ƙauyenmu a yankin Ringim zuwa kasuwar Gujungu, hanyar burji ce duk ramuka, da damina kuwa ba'a magana. In na yi lodi sai ƙasan motar ya riƙa dukan ƙasa, har salansa ta fashe, tsorona kar watarana tankin baƙin mai ya tafi.

Bakanike yace in cire taya 185/60 in sa 185/70 akan rim 14 ɗin, na sa, motar ta ɗaga kusan santimita 2 kuma dukan ya ragu gaskiya. Amma yanzu in na ɗora buhuna tayar baya tana gogar bodi har ana jin ƙaurin roba, ta gaba ma tana taɓawa in na karya sitiyari duka, ga motar tayi nauyin tashi sai na daɗe a giya ɗaya, mai ma kamar ya ƙaru wallahi.

To in koma tsohuwar tayar ne in canza sifirin da shokazoba na baya, ko in sa robar ɗagawa kawai? Wanda ya taɓa gwadawa a irin hanyarmu ya faɗa min don Allah, kuɗin ba yawa.