Zorba: gwarzo ne ko tsohon banza mai daɗin baki?

Zuwaira: Daren jiya na gama littafin Zorba na marubucin Girka Nikos Kazantzakis. Ni dai ban ga abin da ake ta kambamawa ba. Tsoho ne mashayi mai surutu, mace a wurinsa kamar tuwo ce, a ci a tashi. Shi ne duniya ta ɗauka gwarzo?

Malam Sabo: Ki bi a hankali, 'yata. Littafin ya fito a 1946, Girka ba ta daɗe da fita daga mamayar Jamus da yunwarta ba. Mai ba da labarin ɗan boko ne da takarda ta cinye, yana fama da rubutu kan Buddha, ya tafi tsibirin Kirit haƙar kwal. Zorba ne ya nuna masa akwai rayuwa a wajen littafi.

Zuwaira: Baba Malam, wace rayuwa? Ka tuna bazawarar nan. Saurayi ya faɗa teku saboda ta ƙi shi, sai ƙauye ya taru a harabar coci, ana jifanta, uban yaron ya yanka ta. Mai labarin da ya kwana a gidanta fa? Ya koma ɗaki ya mai da jininta darasin falsafa. Nan na ajiye littafin sai da na yi kwana biyu.

Auwal: Anti, ai kin kayar da kanki. Wa ya shiga tsakani ranar? Zorba ne ya yi kokawa da Manolakas, wanda ya zaro wuƙa zai kashe ta, har aka ciji kunnen Zorba. Wanda kike zagi shi kaɗai ya motsa.

Zuwaira: Ya motsa, ban musa ba. Amma Madam Hortans fa, tsohuwar Bafaranshiya mai masauki, da ya yi ta yaudara da alkawarin aure?

Malam Sabo: Wannan wurin ni ma ya tsaya mini. Matar tana kan gargara, tsofaffin ƙauye sun zauna jiran numfashinta ya ɗauke, wasu har sun fara kama kajinta. Tana cikawa aka wawashe ɗakin. Zorba ya fita da kejin akunta kawai. Marubucin ɗan Kirit ne, haifaffen Hirakliyon a 1883, kuma mutanensa yake tona wa asiri. Wanda ke son wanke su ba zai rubuta haka ba.

Hajara: Ni abin da ya dame ni daban. Matan littafin ba su da baki. Bazawarar ma da wuya a ji an kira ta da sunanta, sai dai maza su yi ta fassara ta. Tona asirin ƙauye ba ya goge wannan.

Auwal: Yaya Hajara, da gaske an yi mutumin fa, Yorgis Zorbas. Shi da marubucin sun haƙi kwal tare a yankin Mani na Girka a 1917. Ƙila halinsa ya kwafa yadda yake.

Hajara: Kwafa daban, tafa masa daban. Marubucin tafi yake yi.

Auwal: Yawancin masu yabon ma fim ɗin 1964 suka gani, Anthony Quinn yana rawa a bakin teku bayan igiyar sauko da katako ta rushe da kuɗinsu.

Zuwaira: To ka ji. Rawar suke tunawa, ba wuƙar ba. Baba Malam, ka sake karanta babin bazawarar, gobe ka faɗa mini ko har yanzu "a hankali" ne.