Na tsinci tiramol a aljihun ƙanena, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Daga Jekadafari nake, a nan Gombe. Ƙanena shekararsa 19, Keke Napep yake ja. Ranar Asabar ina masa wanki na ji abu yana ƙara a aljihun wandonsa, ashe katin ƙwaya ne, an ɓalle bakwai, an rubuta 225 a jiki. Da na tsare shi sai ya ce don ya iya jure aiki ne, in bai sha ba ba ya haɗa balas ɗin mai keke. Yaron da ba ya wasa da tuwo, yanzu sai ya tsakura ya ture kwano. Satin da ya wuce ma ya faɗi a zaure yana jijjiga, muka ɗauka iska ce. Baba yana da hawan jini, tsoron gaya masa nake. Kawu kuma ya ce a kai shi gidan mari. Wallahi na rasa inda zan sa kaina.

Wata ma'aikaciyar jinya: 'Yar'uwa, jijjigar nan ba aljanu ba ne, tiramol ne. In ya yi yawa a jiki yana jawo bugun farfaɗiya, kuma ki tuna a kan titi yake wuni da fasinja a baya. Wanda hukuma ta amince a sayar 50 ne da 100, mai 225 ta bayan fage ake shigo da shi. Kada ku ƙwace ku ce ya daina yau yau. Zufa za ta karyo masa, ga gudawa, ga ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace, sai ya koma ya sha fiye da da. Ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya, ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Su suka san yadda ake rage shi sannu a hankali. Ba hauka ake nufi ba, ki fahimtar da mutanen gida.

Wani ɗan'uwa daga Bolari: Yaya, ni na sha. Kodin na fara, da gwamnati ta hana a 2018 ya yi tsada, na koma ƙwaya. An dake ni har aka gaji, ban daina ba. Abin da ya karya min zuciya shi ne ranar da mahaifiyata ta zaunar da ni tana hawaye, ba zagi ko ɗaya. Ki raba shi da majalisar da yake zama bayan isha'i, can ake miƙa wa juna. Maganar mari kuma a bar ta, sarƙa ba ta cire ƙwaya daga jini.

Wata Hajiya: 'Yata, ki gaya wa mahaifinku. Gara ya ji daga bakinki da ya ji daga bakin 'yan NDLEA. Ki bari sai ya ci abinci ya sha maganinsa, innarku na kusa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Anti, na karɓe makullin keken tun ɗazu, ya yarda mu je ranar Litinin. Katin ƙwayar zan tafi da shi in nuna wa likita?

Ma'aikaciyar jinya: Ƙwarai, ki riƙe shi a jakarki. Ki tambaye shi kuma guda nawa yake sha a rana, kada ya rage lissafi don kunya.