Me za mu kira baƙin ruwan da ke fita daga ƙarƙashin juji?

Jama'a, salamu alaikum. Ina koyar da 'yan aji uku darasin farko na injiniyancin muhalli, kuma duk shekara in muka iso babin shara sai kalma guda ta tsaya mini a wuya. Turawa suna ce mata "leachate". Ɗalibai suna haddace ta, su rubuta a jarrabawa, su ci. Amma in na ce wani ya tashi ya yi wa mai unguwarsu bayani da Hausa, sai a yi ta kallon juna.

Ga abin da ake nufi. Ruwan sama ya sauka a kan tulin shara, ya nutse ciki, ya kwana a cikin ruɓaɓɓen abinci da kashin dabbobi da matattun batura da gwangwanayen fenti, sannan ya tsiyayo ta ƙasa baƙi ƙirin, da wari mai hawa kai. Ba haka ya shiga ba. Ya fito ɗauke da gishiri da amoniya, wani lokaci har da ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam. Duk wanda ya bi ta gefen kududdufin da aka cike da shara a Kano cikin watan Agusta ya ga wannan ruwa da idonsa.

Makon jiya na nemi shawara kan sunan da za mu ba shi da Hausa, kuma Allah Ya saka wa duk wanda ya amsa.

Da yawa sun ce "ruwan juji". Yana da sauƙi, amma ya yi faɗi. Ruwan da ya kwanta a gefen juji bai ratsa komai ba, shi ma ruwan juji ne, alhali injiniya dole ya raba su, don ba magani ɗaya ake musu ba.

Wani malami daga Zariya ya kawo "dagwalo". Malam, ina roƙon a bar mana dagwalo inda yake. Mun riga mun saba da dagwalon masana'antu, irin wanda majemu da masaƙu ke saki a Challawa da Sharaɗa da Bompai. Shi wannan ta bututu yake fita, an san bakinsa, ana iya zuwa a ɗiba a auna. Namu kuwa ba shi da baki guda, ta ko'ina yake silalewa. "Ruwan kwata" ma haka, na wanka da wanke-wanke ne.

Amsar da ta fi daɗe a raina ta wata 'yar'uwa ce daga Maraɗi. Ta ce a can da Faransanci suka karanta, ana cewa "lixiviat", kuma tushen kalmar a Latin ruwan toka yake nufi. Nan take na tuno da kakarmu. Tana da wata tsohuwar tukunya da aka huhhuda gindinta, ta shimfiɗa ciyawa a ciki, ta cika da tokar kara, ta zuba ruwa a sama, ta tara kwano a ƙasa. Ruwan ya shiga fari, ya ɗigo ja-ja, mai santsi a yatsa, shi za a sa a miyar kuka. Wallahi duk ilimin babin nan yana cikin tukunyar nan: ruwa ya ratsa abu, ya narkar da abin da zai narku, ya tafi da shi. Sai dai ba za mu kira na juji ruwan toka ba, wannan sunan na kicin ne.

Hajiyar Maraɗi, na gode, don ke kika sa na shiga aji da gorar roba. Na yanke gindinta, na kifa ta, na cusa yashi, ɓawon ayaba, ragowar shinkafa, tsumma, da batura biyu da suka fashe. Na zuba ruwa na toshe bakin, muka bar ta kwana huɗu. Ranar da muka buɗe, ruwan ya ɗiɗɗigo cikin kofin gilas kamar shayin da ya wuce misali, na gaba-gaba suka toshe hanci. Sai wata ɗaliba daga baya ta ce, "Malam, ai wannan tsimi ne."

Tsimin juji. Tun ranar nake juya shi a baki, bai gundure ni ba. Tsimi ruwa ne da aka bar abu a ciki har ya saki ƙarfinsa, kuma kowane Bahaushe ya san in ya daɗe ya fi kauri. Na san za a ce tsimi magani ne, ya za a ba guba sunansa? Ni a ganina kalmar tana faɗin yadda ruwan ya samu ne, ba amfaninsa ba, kuma "juji" da ke manne da ita ya isa gargaɗi. Wanda bakinsa ya fi sabawa da bola ya ce tsimin bola, duk ɗaya.

Akwai kuma waɗanda suka ce "naso". Ban yar da ita ba, aiki na ba ta. Tsimi shi ne ruwan, naso kuwa tafiyarsa a cikin ƙasa, yadda danshi ke bin bango. Da su biyun sai darasin ya zauna: tsimin juji ya yi naso ya kai rijiya. Daga nan bayanin shimfiɗar da ake yi a gindin ramin shara ya zo da sauƙi. A ƙa'idar Amurka, kafin a fara zuba shara ana daɓe ramin da yumɓu mai kaurin wajen santimita 60, a ɗora baƙar roba mai kaurin milimita 1.5, a jera bututu masu huji da za su janye tsimin kada zurfinsa a kan robar ya wuce santimita 30. Duk wannan don a kare ruwan sha ne. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na dalma a ruwan sha maikirogiram 10 ne kacal a lita (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma rijiyoyin gidajenmu da yawa ba su da nisa da juji.

Na sa "tsimin juji" a takardar darasin bana. Mutanen Sakkwato da Damagaram, in tsimi yana da wata ma'ana a wajenku da za ta ɓata wannan, ku faɗa mini kafin Litinin, ranar zan kai takardar wajen mai fotokwafi.