Idan hazo ya hana jirage tashi a Kano: abin da aka tattauna

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar muhawara da aka yi kan fasinjojin da hazon Disamba da Janairu ke tsarewa a filin jirgin Malam Aminu Kano:

1. Kusan kowa ya yarda shirun ma'aikata ya fi jinkirin ciwo. A riƙa sanarwa da Hausa da Turanci, ko da labarin bai canja ba.

2. Tsofaffi da masu juna biyu su fara samun kujera da ruwa. Mai ciwon suga ya ajiye maganinsa a jakar hannu, don akwatin da aka auna ya wuce, dawo da shi aiki ne.

3. In gobara ce, a bar kaya a bi ma'aikatan FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta Najeriya. Nan babu gardama.

4. An rabu kan masauki. Wasu sun ce kamfanin jirgi ya kama otal in dare ya yi, wasu suka ce hazo daga Allah ne, ba laifin kamfanin ba. Ni dai, da laifi ko babu, bai dace uwa ta kwana kan tayil da goyo ba. Mai ƙorafi ya kai wa NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, da tikitinsa a hannu.