Wane suna za mu ba irin su Billy the Kid da Hausa?

Malaman harshe da masu fassara, ina neman shawararku kan kalmar "outlaw", wadda Amurkawa ke kiran irin su Billy the Kid da ita. An fi sa "ɗan fashi" ko "ɗan bindiga", amma duka biyun ba su kwanta mini ba.

Ga mutumin. Sunansa na yanka Henry McCarty, an haife shi a 1859. Satar dawaki da shanu yake yi a New Mexico ta Amurka, lokacin yankin ko jiha bai zama ba, hukuma na nesa, kowa da bindiga a ƙugu. Rikicin gundumar Lincoln na 1878 ne ya fito da shi, faɗan attajirai kan kasuwa da kwangilar sayar wa gwamnati nama. Aka kashe ubangidansa John Tunstall, ɗan Ingila, shi da abokansa suka tashi ɗaukar fansa, har suka harbe shugaban 'yan sandan gundumar, William Brady.

"Ɗan fashi" bai ɗauki wannan ba, don bai taɓa fasa banki ba. "Ɗan bindiga" kuwa a kunnenmu yau masu garkuwa da mutane ne a dazukan Zamfara da Katsina. Ciwo ne da ke jikinmu, ba na so a ari sunansa a laƙaba wa labarin da ake tafa wa mai shi.

A tsohuwar shari'ar Ingila kalmar na nufin wanda doka ta janye wa kariya, kowa ya kashe shi ya kashe banza. Sai a ce "mai halattaccen jini". To amma Billy kamo shi aka yi, bayan Gwamna Lew Wallace ya sa ladan dala 500, kotu ta zauna ta yanke masa rataya a Afrilun 1881. Doka ba ta sallama shi ba, riƙe shi ne ya gagare ta: ranar 28 ga watan ya kashe masu gadinsa biyu, ya hau doki ya bar garin Lincoln, inda ake tsare da shi.

Shi ya sa nake ba da shawarar "gagara-doka", a bisa ƙirar gagara-badau da gagara-gasa.

Na san za a ce tana ƙamshin kirari, kuma hakan na damuna, don mutumin ya zub da jini. Sai dai ta Turancin ma da nata kirarin take tafe. Pat Garrett, shugaban 'yan sandan gundumar Lincoln a lokacin, ya harbe shi a garin Fort Sumner ranar 14 ga Yulin 1881 yana ɗan shekara 21, almara ta ce ya kashe mutum 21, ɗaya ga kowace shekara, masana tarihi kuwa takwas ko tara suke ƙirgawa. Kalmar da ba ta ɗauko wannan zuzutawar ba ta bar rabin ma'ana a baya.

Saura jam'i. Mu ce "'yan gagara-doka", ko mu koma ga "gagararru" da muke da ita tun tuni? Ni na fi karkata ga ta farko, don "gagararre" har yaro marar ji ana kira da ita.