Shawarwarin masana kan ziyarar haikalin Zuigan-ji

Waɗanda suka san Matsushima, garin da haikalin Zuigan-ji yake a ƙasar Japan, sun yi ittifaƙi cewa kuskuren farko na baƙi a tashar jirgi yake. Daga birnin Sendai a hau jirgin ƙasa na layin Senseki, tafiyar kamar minti 40, a sauka a Matsushima-Kaigan. Akwai wata tasha mai suna Matsushima a layin Tohoku, wanda ya sauka can sai ya sha tafiyar ƙafa.

Zuigan-ji haikalin Buda ne na ɗariƙar Zen. Date Masamune, basaraken da ya kafa Sendai, shi ya sake gina shi daga 1604 zuwa 1609 ya zama na zuriyarsa. Sai dai kabarinsa ba nan yake ba. Da ya rasu a 1636, a Zuihoden cikin Sendai aka binne shi, ginin da ya ƙone a yaƙin 1945 aka sake tayar da shi a 1979. Mai son ganin duka biyun ya ware yini guda.

Ana cire takalmi kafin shiga babban zauren Zuigan-ji, kuma daɓen katakon akwai sanyi lokacin hunturu, don haka a sa safa mai kauri. An hana ɗaukar hoto a ciki, inda ƙofofi masu zanen zinariya suke. A lura da giɓin itatuwan da ke hanyar shiga: ruwan gishirin tsunami na 2011 ne ya kashe da yawa, dole aka sare su.

A je da wuri, domin a hunturu ba a kai yamma ake rufewa.